Kiɗan Ƙwarya a Teburin Sammani

Kafin hantsi ya ɗaga, za ka tarar Malam Sammani ya share gindin dalbejiyar nan ta bakin kasuwar Safana, ya hura ɗan gawayinsa, ya cusa ƙarfen dalma a ciki. Tun gemunsa na baƙi wuluk yake gyaran rediyo a nan, ga shi yau furfura ta gama da shi. Shi dai ba ya tambayar abin da ya sami rediyo. Sai ya amsa, ya hure ƙura, ya ce, "Me kake ji da shi?"

Da haka ya san cikin kowa. Ya san Manu makiyayi, wanda in ba shirin Fulatanci ba, ko kyauta ba ya so. Ya san maƙwabciyar teburinsa Naja'atu mai ƙosai da ke kasa kunne a filin gaishe-gaishe, ko wani daga Batsari zai tuna da ita. In ya gama gyara sai ya kamo wa mutum tasharsa, ya ɗiga jan farce a daidai wurin don kada ta ɓace masa. Shi kuwa gogan, garaya ce mutuniyarsa. Da ta tashi sai ya lumshe ido, ƙarfe ya huce a hannunsa, mai jiran gyara ya yi ta jira. Sai kuma wasan barkwanci da yake kallo a talabijin ɗin Lado mai shayi. A nan ma asiri ya tonu, don an lura dariyarsa ta fara makara, sai kowa ya gama ƙyaƙyatawa tasa ke zuwa. Ashe kunne ne ya yi nauyi, fuskokin mutane yake bi.

Kai ne, Malam Sammani, ka jiyar da gari guda abin da yake so, kana ji kana gani naka jin yana tafiya, ba ka taɓa yi wa kowa ƙorafi ba.

Har ya yanke shawarar naɗe tabarma sai ga Inna Tasalla, tsohuwa daga wani ƙauye can bayan Tsaskiya da 'yan bindiga suka tasa, tana zaune wurin dangi a Safana. Bayan doguwar gaisuwa ta kwance ƙullin ɗankwali. Tsohuwar rikoda ce, ta tauna kaset, zaren ya cukurkuɗe. Ta yi bayani bai ji ba, sai da ta ɗaga murya.

"Ƙanena Hamma ya ɗauka ranar wani suna. Kiɗan ƙwarya ne, innarmu ke ba da waƙa, matan garinmu na amshi. Garin ya watse, Malam. Nan ciki kaɗai ya rage."

Ya karɓa, ya ce, "Ki bar shi, Inna, Allah na nan."

Lado shaida ne, kwana da kwanaki ko shayi sai an tuna masa. Ya warware zaren a hankali, ya miƙar da inda ya tattare da bayan cokali, ya haɗe inda ya tsinke da jan farce, ya naɗe da biro. Gwadawa ce bai yi ba. Zaren ya tsufa, wataƙila sau ɗaya zai iya zagayawa, shi kuwa ko ya kunna ba ji zai yi ba. Don haka ya ajiye wa mai shi.

Ranar da ta dawo ya yi bismilla ya danna. Kunnensa bai ba shi komai ba sai wani ɗan guu, sai ya kafe ta da ido. Fuskarta shiru. Wayyo, ya ce a ransa, na kashe mata gari karo na biyu. Can sai kanta ya soma kaɗawa, leɓunanta na motsi. Waɗanda ke wurin sun ce har carar zakara an ji, da lugude, da wata mace tana dariya tana cewa, "Kai Hamma, kawar da abin nan daga bakina!" Ƙosan Naja'atu ya ƙone a kasko ba ta sani ba.

"Ya fito?" in ji Sammani.

Sai a lokacin tsohuwa ta gane bai ji ko kalma ba. Ta share hawaye, ta jawo ƙwaryar Naja'atu ta kife a kan teburinsa, ta ce da ƙarfi, "Ɗora tafinka nan, ɗan nan!" Ta shiga bugawa tana bin innarta. Kiɗan ya bi katako ya shiga hannunsa, ya lumshe ido irin yadda yake yi wa garaya.

"Na ji, Inna," ya ce. "Wallahi na ji."

Mun gode, Malam Sammani, Allah ya saka da alheri, ya ba da lafiya. Ku kuma masu sana'a, ku riƙa tambayar mutum abin da yake so kafin ku taɓa kayansa. Wanda ya bi ta gindin dalbejiyar nan kafin dattijon ya tashi, ya tsaya ya gaishe shi. Ya tsaya ta gabansa dai, inda zai ga fuska.