Kiran da Na Hana Shi Yi

Shekaru da dama ke nan, lokacin ina karatu a Kuala Lumpur, ni da abokina muka kama ɗaki ɗaya a wani bene a Sentul. Shi Bakano, ni Bazazzagi, don haka kullum cikin tsiya muke. Duk ranar Juma'a in mun sauko daga masallaci, lokacin gari ya waye a gida, sai ya kira mahaifiyarsa, ya miƙo min wayar ni ma na gaishe ta. Hajiya ba ta taɓa kiran sunana ba, "ɗana" take ce min.

Wata rana da la'asar ya sauka shagon mamak, irin gidan abincin Musulmin Indiyawa na can, sayo mana abinci, sai ya faɗa hannun jami'an shige da fice. Fasfonsa yana kolejinsu, wai ana sabunta biza. Ashe wanda aka ba aikin ko takardun bai kai ba, bizar ta daɗe da ƙarewa. Aka kai shi kotu, aka ɗage shari'ar, aka wuce da shi wani gidan yari a wajen gari ya yi zaman jira.

Ziyarata ta farko, ku ji ƙauyanci. Na tashi na tuƙa tuwon semo, na kaɗa miyar kuka, na cika kula kamar yadda ake yi a gida. Jirgi, bas, tafiyar ƙafa, ina rungume da kular nan kamar jariri. Gandiroban da ke ƙofa ya buɗe, ya leƙa koriyar miyar, ya dube ni, ya ce, "Tak boleh," wato ba a yarda ba. Ba a shiga da abinci, ba a shiga da waya. A tashar bas na cinye tuwon nan a hanyar dawowa, ina ci ina share hawaye.

Shi kuwa ta bayan gilashi na gan shi, an yi masa aski ƙwal, muna magana ta wata wayar hannu mai igiya. Bai tambayi lauya ba, bai tambayi kotu ba. Cewa ya yi, "Don girman Allah kar Hajiya ta ji. Ka gaya wa Yaya kawai."

Na kira yayansa. Shi ma abin da ya ce ke nan: "Tana da hawan jini, ka rufa mana asiri. Ka ce jarrabawa yake yi."

To, haka na zama maƙaryaci na kowace Juma'a. Wayarsa ta faɗa ruwa. Ya tafi aikin makaranta wani gari. Yana ɗakin karatu. Hajiya sai ta ce, "To ɗana, Allah ya taimaka. Yana dai cin abinci ko?" Na ce yana ci, har ƙiba ya yi. Wallahi a lokacin gani nake wani babban aikin lada nake yi.

A gidan yarin ana ba su damar kiran waya, 'yan mintoci. Duk ni yake kira. Ya ce in Hajiya ta ji muryarsa sau ɗaya za ta gane, ba a yi mata ɓoyo. Ni kuma kowane mako ina can bakin gilashi, ina ba shi labarin ƙwallo da na lauya, ina ce masa Hajiya lafiyarta ƙalau.

Ana nan sai kiran Hajiya ya ɗauke, Juma'a biyu. Na tambayi yayan, ya ce, "Ɗan zazzaɓi ne, da sauƙi." Na yarda. Ni da nake zuba musu "lafiya lau" daga nan, ko kaɗan ban kawo a raina cewa su ma irin tawa suke yi min daga can ba.

Sai ga saƙon murya daga wayar ƙanwarsa. Hajiya ce, muryarta ƙasa-ƙasa: "Ɗana, ka ce masa ba sai ya yi min bayanin komai ba. Sallamarsa kawai nake so in ji."

Washegari, ranar Talata, abokina ya kira ni. Kafin ma in ce komai ya ce, "Kai, zuciyata ba ta kwanta ba. Ko in kira ta ne?" Saura kwana tara a koma kotu, lauya kuma ya ce akwai alamar nasara. Na ce masa, "Haba, ka yi haƙuri mana. Kwana tara ne. Ka kira ta da labari mai daɗi." Ban gaya masa saƙon ba. Na ga kamar zai karya masa zuciya a wurin da babu mai rarrashinsa. Sauran mintocinsa a kan wace riga zan kai masa kotu muka ƙarar da su.

Ranar Alhamis Hajiya ta rasu. Ashe makonta uku a asibiti.

Yayan ya ce kar in gaya wa abokina sai ya fito. Wannan karon na ƙi. Na je, na zauna gaban gilashin, na ɗauki wayar. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Hajiya ce?" Na gyaɗa kai. Ya yi salati, ya kifa goshinsa a jikin gilashin. Ko kafaɗarsa ban iya dafawa ba.

Da ya ɗago ya ce, "Yaushe?" Na gaya masa. Ya ce, "Ranar Talata tana da rai ke nan." Na ce tana da rai. Sai na karanta masa saƙonta da ka, kalma bayan kalma, na kuma gaya masa tun ranar Litinin yake cikin wayata. Sai gandiroba ya zo ya taɓa shi ya ce lokaci ya yi.

Daga baya kotu ta sa aka mayar da shi gida. Yanzu yana Kano da iyalinsa, muna gaisawa, ya ce ya yafe min tun kafin ya bar gidan yarin. Na yarda ya yafe. Ni ne dai abin bai sake ni ba.

Mu mun saba ɓoye wa na nesa da marar lafiya mummunan labari, muna cewa tausayi ne. Dukkanmu da kyakkyawar niyya muka yi, ni da shi da yayansa. Amma Hajiya ta riga ta san akwai matsala, kuma ta faɗi abin da take so da bakinta. Ni na yanke mata hukunci cewa ba za ta iya ɗauka ba.

Yanzu in na kira gida aka ce min mahaifiyata da sauƙi, cewa nake a ba ta wayar. Saƙon Hajiya kuwa na canza waya sau uku yana nan, ban iya goge shi ba. Sallama kawai ta roƙa, shi kuma yana tsaye da waya a hannunsa, na ce ya bari sai bayan kwana tara.