Yadda Goshina Ya Koma Ƙasa

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya gina jikin ɗan Adam gaɓa bisa gaɓa, Ya ba shi riƙon amanarsa zuwa wani ajali. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, na daɗe ina limancin masallacin unguwarmu a Boɗinga, ina kuma karantarwa a zaure daga hantsi zuwa azahar, zaune bisa buzu. Zaman nan shi ya ci gwiwoyina. Wata la'asar na yi sujada na kasa tasowa, sai da mutum biyu daga sahun farko suka ɗaga ni. Daga ranar aka ajiye mini kujerar roba. Na san shari'a ta yi rangwame ga mai uzuri. Na kuma san a mazhabarmu mai zaune ba ya jan masu tsayuwa, don haka na miƙa wa na'ibina limanci, na koma gefen sahu. Barin gaban sahu bai yi mini ciwo ba kamar ganin goshin kowa a ƙasa, nawa yana rataye a iska.

Wani likita a Sakkwato ya duba ni, ya ce gwiwar ba ta mutu ba, naman da ke riƙe da ita ne ya saki, jiki kuma ya yi nauyi. Ya umarce ni da tafiyar ƙasa kullum.

Na fara da hanyar Sifawa, bayan fitowar rana. Ban taɓa cika rabin abin da na yi niyya ba. Mai babur zai tsaya, mai keke mai ƙafa uku zai tsaya, kowannensu ko ya yi karatu a gabana ko ubansa ya yi. In na ce tafiyar kawai nake so, sai su ɗauka kawaici ne, su durƙusa su yi ta roƙo har in hau. Sau uku aka sauke ni a Sifawa ba ni da wata buƙata a can. Daga baya magana ta kai ga babban ɗana, cewa yaya za a bar Malam yana taka ƙasa alhali akwai abin hawa a gida. Da na ga kunya ta kama shi, na daina.

Sai 'yata da ke aure a birni ta aiko mini da wani keke marar taya, wanda ake tuƙawa a cikin ɗaki. Na yi masa biyayya kwana ashirin. Amma tafiyar da ba ta kai mutum ko'ina, zuciyata ta ƙi ta. Kowace safiya sai na sami uzuri, har keken ya zama maratayin riguna. Na fara gaya wa kaina cewa kujerar ita ce rabona.

A wannan hali ɗan kawuna ya same ni. Taubashina ne, ya girme ni da shekara biyu, yana noman albasa a wani ƙauye kusa da Dandin Mahe. A duk ƙasar nan shi kaɗai al'ada ta ba ikon ya faɗa mini abin da ya ga dama. Ya yi salla kusa da ni, da muka fito ya dubi kujerar ya dube ni.

"Bawana, wanga gadon sarautar fa, wa ya naɗa ka?"

Na ba shi labarin likita da masu babur da keken ɗaki. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce in zo lambu, yana da fangalin albasa shida da ba mai ba su ruwa, in sun bushe alhakinsu na wuyana.

Haka na shiga zuwa lambun kwana uku a mako, na sauya wa ɗalibai lokaci. Inji ne ke jawo ruwa ya zuba a magudana. Aikina in buɗe bakin fangali da fartanya, in ya sha in toshe, in matsa gaba, tsakanin haka in duƙa in cire ciyawa. Ranar farko maƙwabtan lambu suka taso da gudu za su karɓe fartanyar. Taubashin nawa ya tare su.

"Ku bar mini bawana. Can Boɗinga shi ne Malam, nan ɗan gwaggona ne."

Suka koma suna sunkuyar da kai, ba su ƙara ba.

Aikin ya yi mini wuya. Akwai mako biyu da gwiwa ta kumbura na kwanta, ya aiko mini da saƙo cewa albasata na gaishe ni, ta ce ko na mutu ne. Abin da ya riƙe ni shi ne ruwa ba ya jira, shuka kuma tana nuna wa mutum ranar da ya yi fashi. Ban ƙara neman uzuri da safe ba.

In azahar ta same mu a can, yakan kifa mini wani tsohon turmi in zauna in yi salla, shi yana gaba. Wata rana, dab da cirar albasa, na ɗago daga ruku'u, turmin yana bayana, sai na ji ƙafafuna sun tsaya da ƙarfinsu. Na dafa ƙasa da hannu biyu, na sauke gwiwa ɗaya, na sauke ɗayar. Ƙasar tana da danshi da sanyi, tana warin albasa. Ban san iya daɗewar da na yi a sujadar ba. Na taso da kaina, da ƙyar.

Da ya yi sallama ya waiwayo ya gan ni zaune a ƙasa. Karo na farko a rayuwarmu bai tsokane ni ba. Can ya ce a hankali, "Akwai ƙasa ga goshinka."

Ban koma limanci ba, na'ibina ya fi ni ƙarfin tsayuwa. Kujerar tana nan, ranar da ciwo ya motsa nakan koma mata ba tare da jayayya ba. Fangalaina kuwa bana sun zama takwas.

Allah Ya bar mu da sujada har ƙarshen numfashi. Ya sanya albarka ga wanda ya karanta wannan, Ya ba shi lafiyar gaɓoɓi, shi da iyalan gidansa baki ɗaya. Amin.