Sandar da Kakana Bai Mayar Ba

Kakana na wajen uba ya fara zuwa Guangzhou sarin kayan teloli tun ban iya ɗaura zani ba: zare, zif, maɓallai, allurar keke. Lokacin da na samu gurbin karatun haɗa magunguna a garin, gwiwoyinsa sun riga sun fara yi masa gardama, 'ya'yansa kuma sun haɗa kai a kan ya zauna a Kano, ƙanin babana ya karɓi tafiyar. Babu wanda ya iya faɗa masa a ido. Sai suka ɗora mini, ni jika, mai lasisin gaya masa duk abin da na ga dama. Babana ya ce in sa ido a wannan zuwan, in ƙafar ba ta ɗaukarsa in faɗi gaskiya, su kuma su san inda za su ɓoye fasfon.

Tsohon ya san da maganar, don a gidanmu sirri ba ya kwana. Muna cin shinkafa a wani gidan abinci a unguwar Xiaobei na yi suɓul da baka, na ba shi labarin wata tsohuwar hanyar duwatsu a arewa da gari, wadda 'yar ajinmu ta ce tun zamanin da can masu ziyara suke bin ta a ƙafa zuwa wani ɗakin bauta a saman tsauni. Ya ajiye cokali. Ya ce ubansa da ƙafa ya je Makka ta Sudan, wane ne kuma tsaunin China. Na tuna masa wurin gumaka ne. Ya ce shi ba gaishe su zai je yi ba, hanya kuma ba ta da addini, in shirya ranar Asabar.

Ranar na same shi a ƙofar masauki cikin babbar riga ta shadda, ta sha bugu tana ƙyalli, ga hula zanna, ga takalmin fata sau ciki. Na ce angon nawa, ɗaurin auren wa za mu? Ya ce ko wurin arna ne, ba a zuwa ziyara da kayan barci kamar nawa. Haka muka shiga jirgin ƙasa, rabin taragon yana ɗaukarsa hoto, shi kuma yana gyara zama.

A gindin tsaunin akwai tarin sandunan gora jingine da bango. Kowa ya zo sai ya ɗauki ɗaya, in ya sauko ya mayar wa na baya. Na miƙa masa, ya dube ni kamar na miƙa masa likkafani. A wurinsa duk namijin da ya riƙe sanda a kasuwa ya gama yawo, saura a fara yi masa sannu da ƙarfi a kunne.

Hanyar kuwa ta ci sunanta. Duwatsu ne aka jera, ƙafafun mutane sun siɗe su har sun yi santsi, tsakiyar kowane mataki ya lotsa. Gora ta rufe sama, ga laima, ga zafin nan na kudancin China mai sa mutum ya ji kamar a tukunyar dambu yake. Da farko tsohon yana gaba, yana yi mini lacca a kan lalacewar 'ya'yan zamani. Can laccar ta koma gajerun jimloli, daga nan ta koma tsaki. Shaddar ta jiƙe ta manne masa a baya. Duk inda ya tsaya sai ya ce rubutun da aka sassaƙa a jikin dutse yake dubawa, mutumin da bayan lissafi, iyakarsa da yaren garin ita ce gaisuwa da “laoban”, wato maigida, da “meyo”, wato babu.

Abin da ya fi ƙona masa rai tsofaffin matan garin ne. Ga su 'yan firit, da 'yar rediyo a rataye, suna wuce mu suna hira, wata ma da baya da baya take hawa tana tafa hannu. Ɗaya daga cikinsu, wadda na tabbata ta girme shi, ta tsaya ta ƙare wa takalminsa kallo, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta kama hannunsa ta danƙa masa sandarta, ta yi gaba abinta. Ya tambaye ni me ta ce. Na ce cewa ta yi yaro ya bi a hankali. Ya ce ba a mayar da kyautar mace, shi ya sa kawai zai riƙe.

Mun kai sama, ban rage masa wannan ba. Hayaƙin turare ya cika farfajiyar, mutane suna ta rusunawa. Wani mai askakken kai da ke shara ya ga muna neman ruwa, ya nuna mana famfo a bayan gini. Kakana ya yi alwala, ya shimfiɗa babbar rigar a gindin wata bishiya daga waje, muka yi azahar da la'asar. Da ya sallame ya ce in ɗauke shi hoto in tura wa munafukan 'ya'yansa, amma in bari ya ɓoye sandar tukuna.

Ashe hawa wasa ne. A saukowa gwiwar hagu ta ƙi lanƙwasuwa sam, kowane mataki sai ya juya gefe, ya dafa sanda, ya dafa kafaɗata. Tun ina tsokanarsa har na daina. Tsoro ya kama ni sosai, tausayinsa kuma ya fi tsoron yawa. Mutumin da ya saba goya ni zuwa sayen alewa, yau nauyinsa duka a kaina, kuma bai kai nauyin da na zata ba. Da muka isa ƙasa muka wuce tarin sandunan, na ga ya rage tafiya, sannan ya ci gaba da tasa a hannu.

Muna cikin jirgin komawa babana ya kira. Na ce masa lafiya lau, tsoho ya hau har ƙololuwa, ai ya ga hoto. Ban yi niyyar ƙara ko kalma ba. Kakana ya miƙo hannu ya karɓi wayar.

“Hawa na hau,” in ji shi. “Saukowa kuwa yarinyar nan ce ta sauko da ni. Ka ce wa ƙaninka ya je ya yi fasfo.”

Washegari ya ce in raka shi Xiaobei. Muka bi shagunan da ya saba saye ɗaya bayan ɗaya, yana dogara gorarsa a kan tayil, 'yan Kano suna yi masa sannu yana amsawa. Kowane mai shago yana hango shi sai ya zaro kalkuleta, ya gyara tsayuwar ciniki. Kakana sai ya ture ta gefe a hankali, ya kama hannun mutumin da hannu biyu ya ɗan riƙe. Wata mai maɓallai ta bi mu har bakin lif tana rage kuɗi, ta ɗauka fushi ya yi.