Shekarar da Muka Wanke Tumbi

Ranar wata Laraba a tsakiyar damina, shekarar da nake aji huɗu, Mama ta fara kai ni kwata. Ruwa ya kwana yana zuba, jini da toroso da taɓo suka haɗu suka zama wani irin kunu mai kai wa idon sawu. Ƙudajen wurin kowanne ya kai ɗan tsako, ungulaye kuwa sun jeru a kan katanga suna kallona kamar sun san ranar mutuwata. Wari ya buge ni, na amayar da kokon safe, na amayar da tuwon jiya, ina jin har nonon da na sha ina jariri sai da ya fito.

Abin da ya kai mu can ba kwaɗayin nama ba ne. Baba direban motar shanu ne, a farkon shekarar nan ɓarin jikinsa ya shanye, ya kwanta. Sai Kawu Bulus, yayansa, ya zo daga Gadaka ya ce da kaka zai dawo ya rarraba mu, 'ya'yan gidan huɗu, ga dangi, ni in bi awakinsa, karatu kuwa a manta. Mama ta durƙusa ta ce, "Yaya, Ubangijin da ya ba ni su a ɗaki ɗaya zai ciyar da su a ɗaki ɗaya." Daga nan ta roƙi wani mahauci Bakano, Malam Sabi'u, ya riƙa ba ta kayan ciki tana wankewa, ladanta a ba ta hanji da ɗan tumbi ta yi farfesu ta sayar a bakin tasha.

Wanda bai taɓa juye tumbin sa ba, ya gode wa Allah. Za ka tsaga shi, ciyawar da sa ya ci tun zamanin kakansa ta zubo maka a ƙafa da ɗuminta, kore shar, tana tururi. Sai a tsoma shi a ruwan zafi a kankare baƙin, sannan a bi hanji da yatsa ana matsewa. Warin nan ba ya jin sabulu. Mun gwada toka, mun gwada lemon tsami, a banza. A makaranta aka sa mini suna Toroso. Idan ana langa ba mai son riƙe ni, a ƙwallo kuwa ni kaɗai nake cin gida ba mai tare ni, don 'yan baya da kansu suke buɗe mini hanya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Mama waƙa take yi. Hannunta cikin kashin sa har gwiwar hannu, tana rera waƙoƙin matan zumunta na majami'a, ƙuda na neman shiga bakinta. Wata rana na ce mata ai ko Yesu ba zai leƙo wurin nan ba. Ta watsa mini ruwan hanji a ƙafa ta ce, "Wanda aka haifa a garken dabbobi kake wa faɗin warin kashi? Ɗauko bokiti." Sai daga baya na lura waƙar takan fi ƙarfi a ranakun da jikin Baba ya tsananta. Ranar Lahadi mukan zauna a bencin baya na majami'a don kada mu kashe masu sujada da wari, amma kullum sai wata tsohuwa, Kaka Saratu, ta taso ta matse kusa da Mama ta riƙe hannunta har a tashi.

Da kaka Kawu ya iso da buhunan da za mu zuba kayanmu. Ya tarar da mu cikin kayan makaranta, Baba na zaune a tabarma yana iya riƙe cokali da hagu. Mama ba ta yi gardama ba, farfesu ta ajiye masa. Ya toshe hanci, ya ɗanɗana, ya share kwanon har ya kusa huda shi, ya nemi ƙari. Da la'asar ya naɗe buhunansa ya hau mota shi kaɗai. Baba bai ƙara tuƙi ba har ya rasu, amma a gabanmu ya rasu, mu huɗu.

Yanzu kowannenmu da gidansa da firjinsa, ɗaya a Jos, ɗaya a Damaturu, sai mu shekara ba mu ci abinci a kwano ɗaya ba. Mama ta tafi, ba kuma wanda ya gaji muryarta. Ƙyamar tumbi tana nan daram, amma da za a sake tara mu a ɗakin nan, da gudu zan je.