Wasiƙar da Sagir Ya Roƙe Ni

Shekara biyar ke nan da aka rufe masallatai saboda annobar korona, muka yi azumi kowa a ɗakinsa. A wannan azumin Allah Ya karɓi ran Sagir a Manchester. Ina unguwar Sparkbrook a Birmingham, tafiyar awa biyu, amma ban samu halartar jana'izarsa ba.

Sagir ɗan aminina Malam Idi ne, wanda muka koyi ajami tare a Kano. Karatun digiri na uku ya kawo shi, a kan wata damisa mai ratsi da ke wani daji a gabashin Indiya, wadda ratsinta baƙi ya yi faɗi har ya kusa cinye jan. Bai taɓa ganinta ido da ido ba, gashi da kashinta ake aiko masa ya bincika. A bangon ɗakinsa na unguwar Longsight akwai hotonta, ta juyo tana kallon mai kallonta. Har yau hoton nan yana faɗo mini a rai, wani lokaci ina tsakiyar lazimi.

Ya ce mini baƙin ratsin nan gado ne, sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi yake fitowa. Gonaki da tituna sun kewaye dajin, babu baƙuwar damisa mai shigowa, sai 'yan uwa suke ta haihuwa da juna. Mutane na sha'awar launin, shi kuwa tsoro yake ba shi, domin alama ce ta zuri'ar da aka tsare.

Malam Idi bai yarda da karatun ba. Ya so ɗansa ya zama likita, kuma shi ba ya karɓar magana mai nauyi ta waya, sai a rubuce da hannu.

“Baba, ka rubuta wa Malam da ajami,” in ji Sagir. “Ni hannuna ya manta, kullum ina lab wajen bincike.”

Na ce, “Ɗan Kano da kashin damisa. To, zan rubuta.”

Ban rubuta ba. Na ce sanyi, na ce aiki, amma gaskiyar ita ce a zuciyata ina bayan Malam. Sagir ya rasu mahaifinsa na fushi da shi, ni kuma na san hannun da ya hana sulhun.

Bara na ji an ɗauko damisa daga wani daji mai nisa an kai ta dajin nan na Indiya domin jinin ya sabunta, abin da Sagir yake ta fata ke nan. Da yana raye, na san da ya hau bas har Birmingham don kawai ya ga fuskata. Ranar na jiƙa tawada, na cika shafi huɗu da duk abin da ya koya mini, na ƙara da laifina, na ba wani likita mai tafiya gida ya kai wa Malam Idi.

Amsar ta zo cikin watan jiya.

“Na karanta sau uku. Ashe halittar Allah yake tsoron ta ƙare. Na je inda nake yi masa addu'a na ce masa na yafe. Kai ma na yafe maka, amma ka aiko mini hoton dabbar, ina so in ga abin da ɗana yake kallo.”

Hoton yana hannuna tun da aka kwashe ɗakin. Jiya na sa shi a ambulan. Allah Ya jiƙan Sagir.