Gwangwanayen Gwaggo

Gwaggona ta shekara arba'in tana haɗa magani a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu. Ita ta riƙe ni tun ina rarrafe, kuma na'a-na'a da hulba da tazargade su suka biya min kuɗin karatun da ya tsayar da ni bayan kantar shagon magani, sanye da farar riga. Ni ba likita ba ne, amma haka take kirana, ban kuwa taɓa gyara mata ba.

Da idonta ya mutu, aiki bai tsaya ba. Kowane magani da mazauninsa: garin citta a gwangwanin madara mai lotsattsen gefe, kanumfari a kwalba mai tsagaggen murfi, sassaƙe da saiwoyi kowanne da gwangwaninsa. Mai tari ko mai kumburin ciki ya zauna kan benci, ta saurare shi, ta miƙa hannu ko juyawa ba ta yi.

Da ta tafi duba ƙanwarta na kwana uku, sai na sayo robobi talatin iri ɗaya, farare tas. Na wanke su da sabulu mai ƙamshin lemo, na juye komai ciki, na liƙa wa kowacce suna. Garin da ban sani ba, na sa masa lamba. Tsofaffin gwangwanayen na ba mai sayen ƙarafa. Na ce wa kaina tsafta nake yi. Gaskiyar ita ce yarinyar da nake nema ma'aikaciyar jinya ce, za ta zo gaisuwa, kuma ta ɗakin nan ake shiga gidan.

Gwaggo ta dawo da hantsi, ta tarar da wata mata riƙe da jariri mai mura. Ta miƙa hannu yadda ta saba, ta taɓa roba, ta taɓa ta kusa da ita. Ta buɗe ɗaya ta shinshina.

"Lemo," ta ce. Ta buɗe wata. "Lemo. Likita, duk unguwa lemo za su sha?"

"Ai na rubuta sunaye, Gwaggo."

"Sannu da ƙoƙari. Da idon wa zan karanta?"

Matar ta saɓa ɗanta ta ce za ta dawo. Gwaggo ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta lalubi bencin marasa lafiya ta zauna, ta ce, "Ƙila lokacin bari ne ya yi."

Da farar rigar tawa na shiga tsibin ƙarafa ina tono, mai su yana min dariya. Goma sha ɗaya na samo.

Muka shanya magungunan a inuwa har kwana huɗu don ƙamshin lemon ya fita. Masu ƙarfin ƙamshi ta gane su, ta mayar da su mazauninsu. Garin sassaƙe da na saiwa kuwa duk jajaye ne, ba ƙamshin kirki, da gwangwaninsu ta san su. Na karanto mata lambobin: na ɗaya, na biyu, na uku.

"Na ukun me yake warkarwa, Likita?"

Na juya robar, lamba ce kawai a jikinta.

"Zubar. Ba na ba ɗan mutane abin da nake shakka."

Roba goma sha tara na juye a bola. Wasu daga ciki, tsohon da ke kawo mata su ya rasu tuni. Washegari ta sa na fitar da benci, ta buɗe ƙofa da abin da ya rage.