Gashin da Lariba Ta Saya a Makola

Lariba ta fi shekara ashirin tana tallar koko a lungunan unguwar Mamobi. Kullum tukunya mai zafi a kan gammo, har tsakiyar kanta ta sule, ko sili ɗaya bai rage ba. Ni kaɗai na taɓa ganin ta babu kallabi, don ɗakinmu na jikin juna.

A shekarar alif ɗari tara da sittin da bakwai tari ya kama ta. Lokacin 'yan matan birni na yayin gashin kanti, sai ta ce in raka ta kasuwar Makola. Mai shago ta miƙo wani dogo mai sheƙi, Lariba ta ture. Ta zaɓi gajere baƙi, mai kama da nata na da. Ta ƙi gwadawa a gaban mutane, da tafin hannu ta auna shi.

Na ce, "Yaya, biki za mu?"

Ta ce, "Azumi, kin fi kowa sanin bakin masu wankan gawa a unguwar nan. Ba za su ga kaina haka ba."

Cikinsu nake, kuma na san ba ma barin komai a jikin mamaci. Na kasa faɗa mata.

Da gashin a kanta ta rasu, ta ɗaure shi tam da kallabi. Mu huɗu muka shiga wanka. Babbarmu ta ce a cire, ni na cire da hannuna. Allah wadaran wasu mata! Ba a gama yi mata salla ba, a bakin famfo har ana kwatanta faɗin sanƙonta.